Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsara Bayanan Makarɓan Saƙo na Ƙwayar Halitta da Hulɗarsu da Sauran Furotin

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai da masu bincike suka fi yi mini idan suka zo haɗa jadawalin makarɓa da abokan hulɗarsu. Kafin mu shiga, ga kalmomi uku da zan riƙa amfani da su. Idan na ce ƙwayar halitta, ina nufin ɗan ƙaramin ɗakin nan mai rai da aka gina jiki da shi. Ƙwayar gado kuwa ita ce yankin DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin. Makarɓi shi ne furotin da ke karɓar saƙo.

Mene ne makarɓi, kuma me ya sa bayanansa ke buƙatar kulawa ta daban?

Ƙwayar halitta a lulluɓe take da wani tantani na maiƙo, kuma yawancin saƙonnin da ke yawo a jiki, irin su insulin da adirenalin, ba sa iya ratsa shi. Sai su tsaya a ƙofa. Makarɓi shi ne mai tsaron wannan ƙofa: ɗan aike ya manne masa ta waje, siffarsa ta sauya, sai wasu furotin da ke ciki su gane sauyin su ɗauki saƙon su wuce da shi gaba.

Wahalar tsara bayanan makarɓi daga nan take tasowa. Fuska biyu gare shi. Ta waje yana hulɗa da 'yan aike da magunguna, ta ciki yana hulɗa da furotin masu isar da saƙo, kuma waɗanda yake kamawa ta ciki sun danganta ga abin da ya taɓa shi ta waje, da irin ƙwayar da yake zaune a cikinta, da ko an riga an liƙa masa fosfet (ɗan ƙaramin sinadarin da ke kunna furotin ko ya kashe shi) ko ba a liƙa ba. Duk layin da aka rubuta cewa "A na hulɗa da B" aka tsaya nan, ya zubar da rabin labarin.

Gida nawa ake kasa makarɓa?

Gida mafi girma shi ne na masu aiki da furotin G, waɗanda ake taƙaita sunansu da GPCR. Ɗan Adam na da kusan 800, kuma wajen rabinsu na jin ƙamshi da wari ne. Kowannensu yana ratsa tantanin ƙwaya sau bakwai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da aka amince da su a kansu suke aiki: salbutamol na masu asma, da propranolol na zuciya, da semaglutide na ciwon sukari duk 'yan wannan layi ne. Alfred Gilman da Martin Rodbell sun sami kyautar Nobel a 1994 saboda gano furotin G, Robert Lefkowitz da Brian Kobilka kuma a 2012 saboda aikinsu a kan makarɓan kansu.

Sai gidan masu liƙa fosfet a kan tairosin (ɗaya daga cikin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su), su 58 ne a jikin mutum, an kasa su dangi 20, cikinsu akwai makarɓin insulin da EGFR, makarɓin wani saƙon girman ƙwaya. Akwai makarɓan cikin ƙwaya guda 48 da ke jiran homon masu iya ratsa tantani, irin su kotisol da istirojin. Akwai kuma masu buɗe kafar wucewar sinadarai da zarar an taɓa su, da makarɓan saitokin, 'yan aiken garkuwar jiki.

Su kansu GPCR rabo biyu ake yi musu: na haruffa daga A zuwa F, da wanda aka fitar a 2003 mai suna GRAFS, wanda ya kasa na ɗan Adam gida biyar. Shawarata ka zaɓi ɗaya, ka rubuta a saman jadawalinka wanne ka bi, kada ka cakuɗa.

Me ya sa ake cewa kada a dogara da suna? Ai kowane furotin da sunansa.

Kowane furotin da sunayensa dai. Makarɓin da ake kira EGFR shi ne ErbB1, shi ne kuma HER1. Ɗan'uwansa HER2, wanda maganin trastuzumab ke kai wa hari a sankarar mama, a rumbun ƙwayoyin gado sunansa ERBB2, tsofaffin takardu kuma neu suke ce masa. Furotin da masu ilimin jini suka daɗe da sani da Duffy, wanda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro nau'in vivax ke bi ta kansa ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, an kira shi DARC, yau kuma ACKR1 ne sunansa. Idan ka tattaro takardun shekara talatin ka ƙirga da suna, makarɓi ɗaya zai fito maka a matsayin uku, kowanne da guntun abokansa.

Akasin haka ma na faruwa, suna ɗaya ya hau kan abubuwa biyu da ba su haɗa komai ba, musamman gajerun laƙabobi na haruffa biyu ko uku.

Akwai kuma ɓarnar da kwamfuta ke yi a ɓoye. Ka buɗe jerin ƙwayoyin gado a Excel, sai ya ga SEPT2 ya ɗauka 2 ga Satumba ake nufi, ya ga MARCH1 ya mayar da shi 1 ga Maris, ba tare da ya tambaye ka ba. Wani bincike da aka buga a 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na takardun da aka haɗa musu jerin ƙwayoyin gado a Excel. Abin ya kai har kwamitin HGNC mai raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen a 2020, MARCH1 ya koma MARCHF1, SEPT1 ya koma SEPTIN1.

Mafita ita ce lambar shaida. A UniProt, babban rumbun bayanan furotin, EGFR na mutum P00533 ne, HER2 P04626, makarɓin insulin P06213, makarɓin adirenalin na beta-2 kuma P07550. Suna na iya sauyawa sau goma, lambar galibi tana nan. Ka sa lambar a matsayin abin da kwamfuta ke haɗa layuka da shi, sunan kuma ka ajiye shi a gefe don idon mai karatu.

Na ga takardu biyu sun ba wuri ɗaya a jikin makarɓi lamba daban. Wa ya yi kuskure?

Sau da yawa babu wanda ya yi. Bari in nuna da EGFR, domin a kansa na fara cin karo da wannan. Yadda ake ƙera shi, yana da amino asid 1210, amma 24 na farko jagora ne kawai da ke kai shi tantani, daga nan a yanke su a yar. Masu ƙirgawa daga farkon sarƙar da masu ƙirgawa bayan yankan sun sha bamban da 24 daidai. Tairosin ɗin da furotin Grb2 ke kamawa, wasu Y1068 suke ce masa (Y harafin tairosin ne, lambar kuma wurinsa a sarƙar), a lissafin UniProt kuma Y1092 ne. Sauyin nan da ake nema a sankarar huhu, L858R, a tsohon lissafi L834R ne.

Na taɓa haɗa jadawali biyu, ɗaya daga takardun da na karanta, ɗaya daga sakamakon na'ura, sai na ga wuraren fosfet sun yi yawa fiye da yadda na sani. Kwana biyu ina murnar samun sababbin wurare. Da na zauna na ɗauko jerin amino asid ɗin na bi shi harafi bayan harafi, sai na tarar a lamba 1068 ta UniProt babu tairosin ma sam, wuri ɗaya na ƙirga sau biyu. Tun daga ranar, duk inda na rubuta lambar wuri sai na rubuta da wane jeri aka ƙirga, kuma in sa kwamfuta ta duba cewa harafin da ke wurin ya dace da abin da aka ce.

Masu aiki da GPCR sun samo wa kansu dabara mai kyau. A tsarin Ballesteros da Weinstein na 1995, a kowane ɗaya daga cikin sanduna bakwai masu ratsa tantani ana zaɓar amino asid ɗin da ya fi dawwama a duk dangin a ba shi lamba 50, saura a ƙirga daga gare shi. Ta haka amino asid ɗin ajinin na 131 a makarɓin beta-2 da ajinin na 135 a rodofsin na ido duk suka zama 3.50, wato wuri ɗaya a sanda ta uku. Rumbun GPCRdb ya gyara tsarin ta hanyar duba siffofin da aka warware, yana rubuta shi 3x50.

Idan aka ce furotin biyu "suna hulɗa", me ake nufi takamaimai?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, don kalmar tana ɗauke da aƙalla ma'ana huɗu, kuma mafi yawan ruɗanin da nake gani daga haɗa su wuri ɗaya yake fitowa.

Ta farko, taɓa juna kai tsaye. An tace furotin biyun, an haɗa su su kaɗai, sun manne. Ko kuma an ga siffarsu a haɗe, kamar yadda ƙungiyar Kobilka ta nuna makarɓin beta-2 rungume da furotin Gs a 2011. Ta biyu, zama a tawaga ɗaya. An jawo ɗaya, ɗayan ya biyo, amma mai yiwuwa wani na uku ne ke riƙe da su duka. Furotin SOS na biyo EGFR, alhali Grb2 ne a tsakaninsu. Ta uku, aiki a hanya ɗaya ko da ba su taɓa haɗuwa ba: makarɓi a tantani, wani furotin can cikin cibiyar ƙwaya, matakai biyar ko shida a tsakani. Ta huɗu ita ce hulɗa mai alkibla, inda ake faɗin wa ya yi wa wa mene: wannan ya liƙa wa wancan fosfet a wuri kaza, abin ya kunna shi ko ya kashe shi.

Domin kada a riƙa cakuɗa su aka samar da ƙamus na bai-ɗaya mai suna PSI-MI, inda kowace ma'ana ke da lambarta. MI:0407 na nufin taɓawa kai tsaye, MI:0915 haɗuwa ta zahiri wadda ba a tabbatar babu ɗan tsakani ba, MI:0914 zama a tawaga kawai, MI:0403 kuma an gan su a wuri ɗaya cikin ƙwaya. Mai neman inda zai sa magani ya raba furotin biyu, ma'ana ta farko kaɗai ke masa amfani. Mai son fahimtar yadda saƙo ke tafiya, ta huɗu yake buƙata. Idan jadawalinka bai bambance ba, babu wanda zai amfana a cikinsu, kuma wanda zai fi cutuwa shi ne wanda ya yarda da kai ya kashe wata shida yana gwada abin da ba a taɓa nunawa ba.

Shin hanyar da aka bi aka gano hulɗar tana da muhimmanci har haka?

Ƙwarai kuwa. Kowace hanya da abin da take gani da abin da ke ɓace mata.

Gwajin haɗin biyu da ake yi a cikin ƙwayar yis (mai kumbura burodi), wanda Stanley Fields da Ok-Kyu Song suka fito da shi a 1989, yana gwada furotin biyu-biyu, kuma da shi aka zana taswirar HuRI ta 2020 mai ɗauke da hulɗa kusan 53,000 a tsakanin furotin na ɗan Adam. Sai dai a asalin tsarinsa dole furotin biyun su haɗu a cibiyar ƙwayar yis, makarɓi mai ratsa tantani sau bakwai kuwa ba zai je can a cikin siffarsa ba. Shi ya sa makarɓa ke ƙaranci a irin waɗannan taswirori, har aka ƙirƙiro wani salo na daban don furotin na tantani.

Hanya ta biyu ita ce a sa ƙugiya a jawo furotin ɗaya, a kai duk abin da ya biyo shi na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari ta faɗi sunayensu. Don a ciro makarɓi daga tantani sai an sa sinadarin narka maiƙo, shi kuma yana iya wanke abokan da riƙonsu ba shi da ƙarfi, irin waɗanda ke zuwa na ɗan lokaci su tafi. A ɗaya ɓangaren, akwai furotin masu naci da ke manne wa komai. Har rumbu aka yi musu a 2013 mai suna CRAPome don a gane su a cire. Hanya ta uku, irin su BioID da aka fitar a 2012, tana shafa wa duk wanda ya matso kusa alama ne. Tana kama masu zuwa su wuce, amma maƙwabci kawai take nunawa, ba ta ce sun taɓa juna ba.

Ga wani abu da mutane ba sa lura da shi. A ce an jawo furotin ɗaya, tara suka biyo shi. Wani rumbun zai rubuta hulɗa 9, wato wanda aka jawo da kowane ɗaya. Wani zai haɗa kowa da kowa cikin goman, ya rubuta 45. Gwaji ɗaya ne, amma ga 9 ga 45. Kafin ka kwatanta yawan hulɗa tsakanin rumbuna biyu, ka binciki yadda kowannensu ya warware tawaga.

To wane rumbu zan nufa?

Ya danganta da tambayarka. Don sanin furotin kansa, jerinsa da sassansa, UniProt. Ka lura da ɓangarensa na Swiss-Prot, wanda Amos Bairoch ya fara a 1986 kuma mutane ne ke tantance shi da hannu, da ɓangaren TrEMBL da kwamfuta ke cikewa. Don siffa, PDB, wanda ya fara da siffofi 7 a 1971 yanzu ya haura 200,000. Don sanin wane ɗan aike ko magani ke kama wane makarɓi da irin ƙarfinsa, rumbun harhaɗa magunguna na IUPHAR da BPS, ƙungiyoyin masana magunguna na duniya da na Birtaniya. Don GPCR zalla, GPCRdb.

Hulɗar da aka ciro daga takardun gwaji tana IntAct da MINT da BioGRID. Hanyoyin saƙo mataki-mataki suna Reactome da KEGG, wanda Minoru Kanehisa ya kafa a Kiyoto a 1995. SIGNOR ya ƙware a hulɗa mai alkibla, PhosphoSitePlus a wuraren fosfet. OmniPath na tattaro da yawa daga cikinsu wuri guda.

Gargaɗi ɗaya: ganin hulɗa a rumbuna huɗu ba ya nufin shaidu huɗu. Rumbunan suna kwafar juna, kuma sau da yawa takarda ɗaya ce duk suka karanta. Ƙungiyar IMEx an kafa ta ne don mambobinta su raba aikin karatu su daina maimaitawa, amma ba kowa ke ciki ba. Ka ƙirga lambobin PubMed mabambanta, wato lambobin shaidar takardun, kada ka ƙirga rumbuna.

Rumbun STRING ya ba hulɗata maki 900. Ta tabbata ke nan?

Makin STRING, daga 0 zuwa 1000, yana auna yiwuwar cewa furotin biyun na da alaƙar aiki. Ana harhaɗa shi daga kafofi da dama: gwaji, da rumbunan hanyoyin saƙo, da tashi da faɗuwar ƙwayoyin gado tare, da yawan ambaton sunayen biyu a takarda ɗaya. Furotin biyu sanannu da ake yawan ambata tare za su iya samun maki mai tsoka ba tare da kowa ya ga sun taɓa juna ba. Ka buɗe makin ka ga daga wace kafa ya fito, kuma idan haɗuwa ta zahiri kake nema, akwai zaɓin da ke tace maka ita kaɗai.

Zan fara nawa jadawalin. Me ya zama dole kowane layi ya ƙunsa?

Lambar UniProt ta ɓangarorin biyu, da lambar jinsin halitta: 9606 mutum, 10090 ɓeran gwaji ƙarami, 10116 babba. Sai nau'in hulɗa da hanyar ganowa, duka da lambobin PSI-MI. Sai lambar takardar, kuma ni nakan ƙara lambar hoto ko jadawalin da ke cikinta, don wanda zai duba bayana kada ya karanta shafi ashirin yana neman layi ɗaya. Waɗannan su ne ƙashin bayan ƙa'idar MIMIx ta 2007, kuma tsarin fayil na MITAB ya tanadi gurbinsu.

Ga makarɓa kuwa, sai ka ƙara amsoshin waɗannan tambayoyi. A wace ƙwaya aka yi gwajin? Da yawa a HEK293 ake yi, wata ƙwayar ɗan Adam da ake reno a ɗakin gwaji, a cusa mata makarɓin ya yi yawa fiye da yadda yake a jiki, kuma furotin da aka cunkusa wuri ɗaya kan manne da abin da ba zai kula ba a gidansa. An sa ɗan aike ko ba a sa ba, wanne, na minti nawa? Furotin arestin ba ya zuwa wurin yawancin GPCR sai bayan an kunna makarɓin kuma wani daga cikin furotin ɗin da ake kira GRK ya liƙa masa fosfet. Layin da ya ce "beta-2 na hulɗa da arestin" gaskiya ne bayan an sa adirenalin, kafin nan kuwa da sauran magana. An yi amfani da cikakken makarɓi ko wutsiyarsa ta ciki kawai aka yanko? An liƙa masa wata alama, a wane ƙarshe?

Layi ɗaya, shaida ɗaya. Idan takardu uku sun nuna hulɗa ɗaya ta hanyoyi uku, layi uku za ka rubuta. Dunƙulewa abu ne mai sauƙi daga baya, warwarewa ce ba ta yiwuwa idan ka riga ka zubar da bayanin.

Yaya zan rubuta makarɓin da ba furotin ɗaya ba ne?

Nan ne jadawalin "A da B" ke gazawa, kuma misalin da ya fi burge ni shi ne na CLR, wanda ƙwayar gadon CALCRL ke ƙerawa. Shi kaɗai ba ya aiki. A 1998 aka gano cewa idan ya haɗu da wani ƙaramin furotin mai suna RAMP1, sai ya zama makarɓin ɗan aike CGRP, wanda maganin ciwon ɓarin kai erenumab ke toshewa. Idan da RAMP2 ko RAMP3 ya haɗu, sai ya zama makarɓin adirenomedulin. Furotin ɗaya, abokin zamansa ne ke yanke wane saƙo zai ji. Wanda ya rubuta "CGRP na kama CALCRL" ya tsaya, zai sa mai nazarin ƙwayoyi ya ɗauka duk ƙwayar da ke da CALCRL tana jin CGRP. Haka makarɓin GABA-B: sashe ɗaya ke kama ɗan aike, ɗayan ke magana da furotin G.

Abin yi shi ne ka ba tawagar lambarta ta kanta, ka jera mambobinta a wani jadawali, sannan ɗan aike ya nuna tawagar. Complex Portal na EBI da CellPhoneDB haka suke yi.

Akwai kuma ƙwayar gado ɗaya mai fitar da furotin iri biyu. Makarɓin insulin na da nau'in A da na B, bambancinsu amino asid 12 ne kacal, amma na A ya fi kama IGF-2 sosai. UniProt na bambance irin waɗannan da ƙarin lamba bayan ɗan layi a ƙarshen lambar shaida. Idan takarda ta faɗi wanne ta yi amfani da shi, ka rubuta. Idan ba ta faɗa ba, ka bar gurbin da alamar ba a faɗa ba, kada ka cike da zato.

Zan iya ɗaukar abin da aka gani a ɓera in rubuta shi a na mutum?

Za ka iya, muddin ka yi masa alama cewa aro ne. Kama da wane ba wane ba ne. Ɓera na da makarɓan ƙamshi sama da 1,000, mutum kusan 400 masu aiki, kuma ko inda makarɓan suka yi daidai ɗaya da ɗaya, ƙarfin kamun magani na iya bambanta. Tsarin Gene Ontology, wanda aka fara a 1998, ya koyar da darasi mai kyau a nan: kowace magana tana tafe da alamar irin shaidarta, IDA don gwaji kai tsaye, IPI don hulɗar zahiri, IEA don abin da kwamfuta ta ɗora ba tare da mutum ya duba ba. A rubutu ma akwai al'ada: EGFR da manyan baƙaƙe na mutum ne, Egfr na ɓera. Amma kada ka bar wa girman baƙi wannan nauyi, manhaja ɗaya na iya mayar da su duka manya.

Makarɓan da ba a san ɗan aikensu ba fa?

Marayu ake ce musu, kuma akwai wajen ɗari a cikin GPCR waɗanda ba na ƙamshi ba. Yawanci suna ɗauke da suna na wucin gadi, GPR da lamba. Idan aka gano ɗan aiken sai a sauya: GPR40 ya koma FFAR1, GPR30 ya koma GPER1. Sai dai ba duk iƙirari ne ke tsayawa ba. Akan sami ɗakin gwaji ɗaya ya ce ya gano, wasu su gwada su kasa maimaitawa. Kwamitin suna na IUPHAR ba ya gaggawar amincewa sai an sami tabbaci daga wurare masu zaman kansu. A jadawalinka ka tanadi gurbin matsayi: an tabbatar, an ba da shawara, ana jayayya. Takardar da ta musanta ma ka ba ta layinta.

Yanzu da manhajar AlphaFold ke hasashen siffar furotin, ana buƙatar duk wannan wahala?

Rumbun AlphaFold ya buɗe a 2021, a 2022 ya haura siffofi miliyan 200, kuma Demis Hassabis da John Jumper sun raba kyautar Nobel ta 2024 da David Baker. Babban ci gaba ne, ni ma ina amfani da shi kusan kullum. Amma ka ba shi furotin biyu, zai zana maka su a haɗe ko da ba sa taɓa zama a ƙwaya ɗaya. Ba ya faɗa maka a wace ƙwaya, ko bayan wane saƙo. Wutsiyoyin makarɓa na ciki, inda yawancin fosfet ke sauka, sau da yawa ba su da tsayayyar siffa, kuma nan ne makin amincinsa ke faɗuwa. Hasashe na da gurbinsa a jadawali, da makinsa da sigar manhajar, nesa da layukan gwaji. Abin da nake tsoro shi ne hasashe ya shiga rumbu ba alama, wani ya kwafa, a koyar da wata manhajar da shi, ya dawo mana a matsayin shaida.

Idan ban ga hulɗa a kowane rumbu ba, babu ita ke nan?

A'a. Rumbu na nuna inda aka haska fitila ne. EGFR na da ɗaruruwan abokai a rubuce saboda an shafe shekaru sama da arba'in ana bincikensa. Maraya da takardu biyar kacal suka ambata zai fito kamar ba shi da kowa. Idan ka zana taswirar hulɗa a manhajar Cytoscape ka ga wasu furotin sun zama cibiya, ka tambayi kanka ko muhimmancinsu kake gani ko yawan masu nazarinsu. Taswirorin da aka gwada kowa da kowa ba zaɓe, irin HuRI da BioPlex, suna rage wannan son kai, ko da yake suna da nasu makafin wurare.

Sakamakon "an gwada, ba su haɗu ba" yana da daraja, kuma da wuya a buga shi. Akwai ƙaramin rumbu mai suna Negatome da ke tara irinsa. Idan kai ka gwada ba ka gani ba, ka rubuta shi da cikakken yanayin gwajin, ka bambanta shi da gurbin da ba a taɓa gwadawa ba.

Na sauke bayanai bara, na sake saukewa bana, lissafina ya canza. Me ya faru?

Rumbunan suna motsi. Ana ƙara takardu, ana cire waɗanda aka janye, UniProt kan haɗe lambobi biyu ko ya raba ɗaya, STRING kan sake lissafin makinsa a kowace siga. Duk fayil ɗin da ka sauke, ka ajiye shi yadda ya zo ba tare da ka taɓa shi ba, ka rubuta sunan rumbun da lambar siga da ranar saukewa. Gyare-gyarenka ka yi su da rubutaccen umarni da za a iya sake gudanarwa, kada ka yi da hannu a cikin jadawali. Ƙa'idojin FAIR na 2016 suna neman bayanai su zama masu samuwa, masu buɗuwa, masu haɗuwa da wasu, masu sake amfanuwa, kuma ka duba lasisin kowane rumbu kafin ka sake rarraba abin da ka ɗauko, don ba duka ne suka yarda da hakan ba.

Idan za ka sabunta, kada ka goge tsohon. Ka ajiye biyun, ka sa kwamfuta ta fitar maka da layukan da suka shigo da waɗanda suka fita, ka zauna ka karanta na fitan ɗaya bayan ɗaya. Wani lambarsa ce kawai ta sauya, sai ka bi ta zuwa sabuwar. Wani kuwa takardar da ya dogara a kanta ce aka janye, kuma idan akwai wani sakamako naka da ya hau kan wannan layin, shi ma sai an sake duba shi.